Kalsiyam a jijiyar zuciya: a saka sitent ko a yi babbar tiyata?

Masu jinya da suka taɓa samun bugun zuciya suna yawan tambayar nan idan hoto ya nuna kalsiyam, sinadarin da ke sa ƙashi tauri, ya taru a jijiyoyin zuciyarsu.

Sitent ragar ƙarfe ce ƙarama da ake shigarwa ta jijiyar wuyan hannu ko cinya don buɗe jijiyar zuciyar da ta ƙuntata, ba a tsaga ƙirji, kuma yawanci ana sallama cikin kwana 1 ko 2. Matsalar ita ce kalsiyam mai tauri yakan hana ragar buɗewa sosai, daga nan jini ya daskare a cikinta ko wurin ya sake ƙuntata. Shi ya sa ƙwararren likita kan fara goge kalsiyam da na'ura mai juyawa sama da sau 140,000 a minti, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Bayan haka sai magungunan hana jini daskarewa, aspirin da clopidogrel, galibi wata 6 zuwa 12 ba fashi.

Tiyata kuwa tana tsallake wurin da ya toshe ta hanyar dasa jijiyar da aka ɗauko daga ƙirji ko ƙafa. Ta fi tsada da farko, kwanciyar asibiti kusan mako guda, ƙashin ƙirji kuma yana ɗaukar sati 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. Amma jijiyar ƙirjin tana daɗewa a buɗe. Haɗarin tiyatar shi ne shanyewar jiki, musamman in babbar jijiyar zuciya ita ma ta yi kalsiyam.

Mai toshewa ɗaya ko biyu, ko tsohon da jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba, sitent ya fi masa. Mai ciwon suga da jijiyoyi uku a toshe, tiyata ce ta fi dacewa da shi.