Kanta mai taya mai hawa uku: abin da ta yi wa kayan kundin hotunana da abin da ta kasa

Wata takwas ke nan da na sayi wata kantar ƙarfe mai taya huɗu da kwanduna uku, ɗaya bisa ɗaya, domin in tattara kayan da nake haɗa kundin hotuna da su, kuma ina ganin yanzu zumuɗin sabon abu ya wuce, zan iya faɗin gaskiyar abin da na gani. Duk mai wannan aiki na manna hotuna a kundi, da rubuta labarinsu a gefe, da ƙawata shafi da takardu masu launi, ya san cewa kayan ƙanana ne amma yawansu ba ya ƙarewa: almakashi iri biyu ko uku, gam, salatif, hatimi da tawadarsa, alƙaluma, sitika, maɓallai, zaren ado, ga kuma guntayen takardun da hannu ba ya yarda ya zubar. Ni kuwa ɗaki ɗaya gare ni, kuma teburin da nake yanka da manni a kansa shi ne dai na karatu da rubutu, saboda haka duk abin da na baje da yamma dole in kwashe shi kafin in kwanta.

A warware ta zo cikin kwali, tare da notuna da ƙaramar sifana, kuma haɗa ta bai ɗauke ni fiye da rabin awa ba. Abu ɗaya kawai zan ja kunne a kai, wato kada a ɗaure kowane noti tamau sai an sa dukkansu a gurbinsu, domin idan aka ɗaure na farko da ƙarfi, ramukan sauran ba za su zo daidai ba. Da na auna ta bayan na gama, tsayinta santimita 78 ne, wurin da take ci a ƙasa kuma santimita 45 ne da 35, wanda bai kai gurbin kujera ɗaya ba. Tsakanin teburina da bango akwai wani ɗan lungu da ya daɗe ba ya amfanar kowa, can ta shige kamar don ita aka bar shi.

Babban alherinta shi ne ta raba ni da jigila. A da, kafin in fara shafi ɗaya sai na ciro jaka daga ƙarƙashin gado, na buɗe akwati biyu, na zazzage wata leda ina laluben reza, har sha'awar aikin ta fara hucewa tun ban taɓa hoto ba. Yanzu ina jawo kantar da hannu ɗaya zuwa gefen kujera, kwandon sama yana kusan daidai da bakin teburi, kuma a cikinsa na jera gwangwanaye huɗu, almakashi da reza da rula a ɗaya, fensira da alƙaluma a wani, buroshi a na uku, sandunan gam a na ƙarshe. Alƙaluman tawada masu launi da suke da baki biyu su kaɗai na kwantar a ɗan faranti, domin idan suka daɗe a tsaye tawada takan taru a baki ɗaya ta bar ɗayan a bushe. Kasancewar jikinta ƙarfe ne ya ƙara mini wurin da ban yi tsammani ba, saboda maganaɗisu yana kamawa, sai na manna ƙananan gwangwanaye masu murfi a gefenta na zuba maɓallai da filoli, na kuma rataya ƙugiyoyi uku a bakin kwandon sama. A kan biyu daga cikinsu na gitta siririyar sanda, na zura mata naɗe-naɗen salatif ɗin takarda na Japan da ake kira washi, wanda yawancinsa faɗin milimita 15 ne, har guda ashirin da 'yan kai suka jeru ina ganin launin kowanne ba tare da na tona komai ba. Wannan ganin kayan a fili ya fi mini komai daraja, domin abin da mutum ba ya gani yakan manta yana da shi, ya koma ya sake saye.

Inda ta gaza kuwa, a kan abin da ya fi komai muhimmanci ne a wannan aiki, wato babbar takarda. Takardar kundin hotuna da aka fi sani murabba'i ce, inci 12 kowane gefe, wato kimanin santimita 30.5, alhali faɗin cikin kwandon nan bai wuce santimita 28 ba. Santimita biyu da rabi ne kawai bambancin, amma sun isa su hana takardar kwanciya. Da farko na ƙi yarda, na tsayar da takardu kusan arba'in a kwandon ƙasa, na jingina su da gefe, ina cewa ai nauyin junansu zai riƙe su. Bayan mako uku na zaro wata mai kauri, mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon zinariya, wadda na daɗe ina tanadinta don shafin farko na wani kundi, sai na tarar ta gantsare kamar kwale-kwale, kusurwarta ta ƙasa kuma ta tanƙware inda ta tokari lanƙwasar kwandon. Na danne ta kwana biyu a ƙarƙashin littattafai masu nauyi, gantsarewar ta ragu, amma layin da ya fito a kusurwa bai ɓace ba, domin takarda mai kauri idan zarenta ya karye ba ya komawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma da na san haka tun farko da ban sa ko ɗaya a ciki ba. Takardar A4, mai santimita 21 da 29.7, tana kwanciya lafiya a tsawon kwandon, haka ma ƙananan takardu masu inci 6 suna tsayuwa a jere kamar katuna, mutum yana bi da yatsa yana zaɓa.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa ko da takardar ta shiga, ba zan ba da shawarar a bar ta a nan ba. Kwandunan a buɗe suke, ƙura tana sauka, haske yana dukan abin da ke sama, kuma hasken rana yana koɗar da launin takarda da na hoto a hankali ba tare da an lura ba. Masu yin takardun kundi suna rubuta cewa babu asid a cikinsu kuma babu lignin, wato sinadarin itacen da ke sa tsohuwar jarida ta koma rawaya ta riƙa ɓarɓashewa, kuma asara ce a nemi irin wannan takarda mai tsafta sannan a bar ta a sarari. Saboda haka na nemi akwatunan roba biyu masu faɗi da murfi, waɗanda aka yi su daidai da inci 12, na kwantar da manyan takardu a ɗaya, shafukan da ban gama ba da hotunansu a ɗayan, na tura su ƙarƙashin gado a kan ɗan katako don kada danshin ƙasa ya kai gare su. Wajen zaɓen robar, a duba 'yar alamar nan mai kusurwa uku da ke gindin akwati: lamba 5 da harufan PP tana nufin robar da ba ta cutar da hoto, lamba 3 kuwa PVC ce, wadda da daɗewa takan fitar da sinadaran da ke ɓata fuskar hoto, har ya manne mata.

Gindin kwandunan raga ce ta ƙarfe mai ƙananan huji, wanda yake da kyau don iska, amma ƙyalƙyali da ƙananan duwatsun ado suna zurarewa ta ciki zuwa hawan ƙasa. Na yanki kwali daidai da kowane kwando na shimfiɗa, matsalar ta ƙare. A hawan tsakiya, wanda ana iya ɗaga shi ko a sauke shi kaɗan, na kwantar da fayafayan tawadar da ake dangwala hatimi a kansu a rufe, kowanne da sunan launinsa a gefe, tare da hatimai da ambulan ɗin da nake raba guntayen takardu a ciki bisa launi.

Batun nauyi ma sai da na koya da kaina. Abubuwan huda takarda masu fitar da siffar fure ko tauraro ƙarfe ne a ciki, kuma guda goma sun fi duk sauran kayan nauyi. Da na sa su a sama don su fi kusa da hannu, wata rana tayar gaba ta ci karo da bakin darduma, kantar ta yi gaba za ta kife, da ƙyar na tare ta da gwiwa. Tun da na mayar da su hawan ƙasa tare da kwalaben gam, ba ta ƙara ko rangaji ba. Tayoyin suna juyawa ta kowane ɓangare cikin sauƙi a kan daɓe mai santsi, sai dai irin wadda na saya ba ta da birki, kuma guntayen zare suna naɗewa a gindin taya har ta fara cijewa, don haka nake kwantar da ita sau ɗaya a wata in tsince su da bakin almakashi. Fentinta bai ɓare ba, ban kuma ga tsatsa ko ɗigo ba, duk da cewa gam ya zuba mata fiye da sau ɗaya na goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Ga wanda ɗakinsa ƙarami ne kuma teburinsa yana aiki biyu, ina ba da shawarar wannan kanta da zuciya ɗaya, matuƙar kayan hannu zai zuba mata, ya nemar wa manyan takardu da hotuna rufaffen wuri daban. Wanda kuma yake son lallai takardunsa su hau taya tare da sauran kayan, to ya tafi da tef ɗin awo, ya auna cikin kwandon daga ƙasansa, inda kusurwoyi suke lanƙwashewa, domin adadin da ake rubutawa a jikin kwali na wajen kantar ne, kuma sai faɗin ciki ya kai santimita 32 kafin takarda mai inci 12 ta kwanta har yatsa ya sami wurin ɗago ta.