Takin yuriya a gonar rake: abin da na gani cikin shekara biyu

Gonata ta rake tana wata fadama a yankin Maƙarfi, ba ta wuce eka ɗaya da rabi ba. Shekara biyu ke nan ina zuba mata yuriya mai manyan ƙwayoyi, irin buhun nan mai kilo 50 da aka rubuta wa 46% a jiki. Abin da rubutun yake nufi shi ne kilo 23 na naitirojin, wato sinadarin da ke sa shuka girma da yin kore, a kowane buhu. Kamfa 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi kacal ne a buhunta. Wannan lissafin ne ya fara jan hankalina, domin idan naitirojin kake nema, yuriya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Aikinta ba ya ɓuya. Raken da tsofaffin ganyensa suka fara zama ruwan ɗorawa saboda yunwa, idan ka ba shi yuriya ƙasa na da laima, kafin mako biyu za ka ga ya koma kore shar, gindi ya cika da 'ya'ya. A nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Amma bara ta koya mini darasi mai tsada, kuma laifina ne. Ganin yadda gona ta yi kyau, sai na ƙara zubi na uku rake yana wata na bakwai. Ya yi tsawo, gaɓoɓi suka yi kauri, duk mai wucewa sai ya tsaya ya yaba. Da iska ta zo, wani ɓangare ya kwanta. Ranar da mai saye ya zo daga Kano, ya karya kara ɗaya ya tsotsa, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ruwa ya yi yawa, zaƙi ya yi baya." Ya rage kuɗin dami, ban iya musa masa ba, don ni ma na ɗanɗana. Wanda ya ɗauki sauran don mazarƙwaila ya ce sai da ya ci itace fiye da yadda ya saba kafin ruwan ya yi kauri.

Daga baya malamin gona ya warware mini zancen. Rake yana shan mafi yawan naitirojin ɗinsa ne a watannin farko, lokacin da yake fitar da 'ya'ya da miƙe kara. Idan ya kusa nuna, so ake takin ya ƙare a ƙasa, raken ya daina ganye ya koma tara sukari a cikin kara. Ka ba shi a makare, sai ya ci gaba da tsiro, sukarin ya tafi wajen gina sabon ganye.

Bana na canza. Kamfa a wajen shuka, saboda yuriya ba ta da fosfaras ba ta da fotash, wato sauran sinadarai biyu da ke cikin kamfa, kuma rake mai cin fotash ne sosai. Yuriya sau biyu kawai: a mako na shida, sannan a wata na huɗu, daga nan na ɗaure bakin buhu. Na kuma daina watsa ta a sama. Idan ta zauna a fili cikin zafi sai ta zama iskar amoniya ta tashi, wani lokaci har warin kana ji. Yanzu yara suna tona rami gefen gindi, tazarar kamar tafin hannu, a zuba a rufe, a bi da huɗa. Kuɗin ƙwadago ya ƙaru, amma takin ya zauna. Ba na kuma cika gonar da ruwa nan take, don ruwa mai yawa wanke shi yake yi ya wuce inda saiwa take.

Abin da ya ɓata mini rai ɗaya ne: buhu guda da na saya a wani shago ya sha laima a ajiya, ya dunƙule kamar dutse, sai da muka daka shi. Ka matsa buhu da hannu kafin ka biya.

Raken bana bai kai na bara tsawo ba, amma yana tsaye, kuma mutumin Kano da ya tsotsa bai nemi ragi ba. Buhu biyu na saya, maimakon uku.