Na je wurin mai gyaran ƙashin baya a Amurka

Tuƙin tasi a birnin New York ne ya ja mini ciwon ƙugu. Da abin ya ishe ni, wani abokin aikina ɗan Kumasi ya kai ni wurin kairofrakta, wato mai daddanna ƙashin baya da hannu. Da farko na ɗauka irin masu ɗorin gida ne, ashe su ba sa ɗorin karaya. Sana'ar a nan Amurka ta samo asali, D.D. Palmer ya kafa ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa.

Kairofraktan ya kwantar da ni a kan wani siririn gado, ya murɗa ƙuguna, sai na ji ƙas! Na ce shi ke nan, ƙashi ya koma mazauninsa. Ya yi dariya, ya ce iska ce kawai a cikin ruwan gaɓa.

Gaskiya na samu sauƙi. Bayan zuwa huɗu ina yin ruku'u ba tare da cije leɓe ba. Likitana ma bai hana ni ba, don tun 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa wannan danna baya cikin abubuwan da ake gwadawa kafin a koma ga ƙwayoyi.

Inda muka raba gari da kairofraktan shi ne da ya ce in biya kuɗin zuwa talatin a dunƙule, wai har hawan jinina zai sauka. Na ƙi. Wuyana ma ban bari ya murɗa ba, saboda akan samu, jefi-jefi, jijiyar jini ta tsage. Maganin hawan jinina kuwa ina nan ina sha.