Hannun bene na katako: aikin CNC, na injin juyi ko na hannu, wanne ya dace da gidanka a Bauchi?

Mai gini yakan zuba dakin, wato rufin kankare, ya yi filasta, ya shimfiɗa tayil, sai daga ƙarshe ya tuna cewa matakalar bene ba ta da abin riƙewa. A lokacin aljihu ya yi sanyi, ana kuma gaggawar tarewa, don haka duk wanda ya nuna hoto mai kyau a waya shi ake ba aikin. Yanzu hoton da ya fi ɗaukar ido shi ne na katakon da injin CNC ya sassaƙa, wato injin da kwamfuta ke sarrafa bakinsa yana bin zanen da aka ɗora masa. Aikinsa yana da kyau ƙwarai, amma a jerin abubuwan da ke sa hannun bene ya daɗe, injin na uku ne. Na farko bushewar katako, na biyu yadda aka kafa ginshiƙai a jikin kankare. Wanda ya kashe kuɗinsa a kan zane ya bar waɗannan biyun zai ga sanduna suna rawa tun kafin hunturu na biyu ya fita.

Hanyoyi uku na yin aikin

Aikin hannu shi ne kafinta ya yanka, ya goge, ya haɗa da zarto da kurfi da injin gogewa. Idan sanduna masu kusurwa huɗu kake so, marasa ado, wannan ya wadatar, kuma babu dalilin biyan kuɗin kwamfuta a kansa. Gyara ma yana da sauƙi, domin duk kafintan da ya iya aikinsa zai yanko maka madadin sandar da ta karye.

Injin juyi, wanda kafintoci ke kira tonin, yana murza katakon ne, mai aiki kuma yana riƙe da kurfi yana fitar da ciki da wuya irin na ƙafar gado. Ya fi CNC sauƙin kuɗi. Rauninsa shi ne ido da hannu ke awo, saboda haka a cikin sanda 50 za ka tarar wata ta fi wata ciki, wata wuyanta ya ɗan hau. A ƙafar tebur ba a lura, amma a matakala, inda sanduna ke jere a layi ɗaya hasken taga yana ratsa su, bambancin milimita 3 ma yana fitowa.

A nan CNC ke cin kuɗinsa. Sanda ta 50 za ta fito daidai da ta farko, zai fitar da murɗaɗɗen zane kamar igiya, zai zana dagi ko fure a jikin ginshiƙi, zai kuma huda ramukan da sanduna za su zauna a tazara ɗaya. Sai dai kalmar CNC ta ƙunshi injuna daban-daban, kuma dole ka tambayi wanne ne a shagon. Wanda aka fi samu shi ne mai shimfiɗaɗɗen gado, galibi mai faɗin mita 1.3 da tsawon mita 2.5, mai tafiya ta fuska 3, wato gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Wannan na yanka allo ne da zanen ƙofa da fuskar kabad. Zai yi maka allon ado da ake sakawa tsakanin ginshiƙai, zai zana fuskar ginshiƙi mai kusurwa huɗu, amma ba zai zagaye sanda ba sai an ɗora masa na'urar juyi, abin da ake kira fuska ta 4. Hannun da ke lanƙwasa yana hawa a lokaci guda, irin na matakala mai zagaye, ya fi dacewa da inji mai fuska 5, ko kuma a manna siraran katako a lanƙwasa su a kan matakalar kanta. Idan mai inji mai fuska 3 ya ce zai yi maka wannan, ka nemi ganin wanda ya taɓa yi a tsaye a gidan wani.

Wasu abubuwa biyu da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Bakin injin zagaye ne, don haka duk ramin da ya huda kusurwoyinsa ba sa fita tsaf, sai an bi da kurfi ko a rage kusurwar sandar. Kuma injin yana barin siraran layuka a jikin zane, waɗanda sai an bi da sanfefa da hannu. Mai gaggawa yakan buɗa tazarar layukan don aiki ya yi sauri, sai fenti ya hau ya ƙara tona su. Ka shafa samfurin da yatsa kafin ka amince. Ka kuma tambaya ko suna da janareto mai ɗaukar injin, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sassaƙa, injin na iya ɓatar da inda ya faro, zanen ya goce, katakon ya tashi a banza. A rubuta tun farko wanda zai ɗauki wannan asarar.

Katako, inda aikin ke gyaruwa ko ya lalace

Yanayin Bauchi ba ya raga wa ɗanyen katako. A watan Agusta iska cike take da laima, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu na tsotse komai. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Yawancin katakon da ke zuwa kasuwa daga dazukan kudu an yanko shi ne bai daɗe ba. In aka sassaƙa shi a haka, duk daidaiton da kwamfuta ta yi ya tafi: sanda ta tsuke a cikin raminta ta fara kaɗawa, ginshiƙi ya tsage daga sama, hannu ya murɗe ya buɗe a mahaɗa.

Abin da ake nema na aikin cikin gida shi ne ruwan da ke jikin katako ya sauko zuwa kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Akwai ƙaramar na'ura mai allura biyu da ake cakawa a auna, kuma shagon da ya iya sayen injin CNC ba shi da uzurin rashinta. A auna a tsakiyar sabon yanka, domin bayan katako yakan bushe cikinsa na jiƙe. In babu busasshe, ka sayi katakon tun ana zuba dakin, a jera shi a inuwa da 'yan ƙananan itatuwa tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a shafe bakunan da fenti kada su tsage, a bar shi ya ga hunturu guda. Mai kauri irin 4 bai 4 ya fi jinkirin bushewa nesa ba kusa ba, shi ya sa ginshiƙin da aka haɗa daga busassun katako biyu ko uku da gam ya fi guda ɗaya zama lafiya. Idan kuma daga Legas ko wani gari mai laima za a yanko maka kayan, a ajiye su cikin gidan kamar mako 2 kafin a ɗaura.

A ɓangaren 'yan katako na kasuwar Muda Lawal za ka ji sunaye da yawa. Iroko yana da ƙarfi, gara ba ta cika damun cikinsa ba, kuma ba ya yawan motsi in ya bushe. Aibinsa shi ne wani lokaci akan tarar da dunƙulen abu kamar dutse a cikinsa mai dakushe bakin inji, yana da maiƙo da ke hana gam kamawa sai an goge, ƙurarsa kuma tana damun ƙirji. Madaci da danginsa da ake kira mahogani sun fi daɗin sassaƙa, zane yana fita tas, launinsu ja mai kyau, sai dai inda zaren katakon ya sarƙe yakan ɓantare in bakin inji ba shi da kaifi. Kawo yana da nauyi da ƙarko, ya dace da ginshiƙi. Malaina tana da sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, amma tana da laushi kuma tana jinkirin bushewa, ta fi kyau a sandunan da za a yi wa fenti. Obeche bai dace da wannan aiki ba sam, ba ya riƙe sukuru kuma ƙwaro na mayar da shi gari. Kowane iri ka zaɓa, ka ƙi farin gefen nan na kusa da ɓawo, shi ƙwari ke fara ci ko a jikin iroko.

Hattara da MDF. Injin CNC yana yanka shi kamar sabulu, zane ya fito gwanin sha'awa, bayan fenti kuma ba ka bambanta shi da katako. Amma garin katako ne da aka matse da gam, ruwan goge-goge na kumbura shi, kuma ba ya ɗaukar nauyin mutumin da ya jingina. Iyakarsa allon ado a cikin firam na katakon gaske.

Awo da lissafi

Tsayin hannu daga bakin taki zuwa samansa kada ya gaza santimita 90, a saman bene inda faɗuwa ta fi nisa kuma gara ya kai mita 1 ko 1.1. Tazarar sanduna kada ta wuce santimita 10, wannan shi ne ma'aunin da dokokin gini na Ingila da Amurka suka tsaya a kai, domin kan ƙaramin yaro kada ya shige. A gidan da ke da yara, ka guji zanen da ke da sanduna a kwance, tsani ne ka kafa musu. Kaurin abin riƙewa ya zama wanda tafin hannu zai zagaye, kamar santimita 4 zuwa 5. In ana son mai faɗi don ado, a fitar masa da kwari a gefe biyu inda yatsu za su shiga. Tsoho mai ciwon gwiwa riƙo yake nema, faffaɗan allo ba ya yi masa amfani.

Ɗauki bene mai tsayin mita 3, taki 18, an raba shi hawa biyu, kowane taki faɗinsa santimita 28. Kowane hawa zai ci hannu kamar mita 2.6 zuwa 2.8, wato katako ɗaya mai ƙafa 12 ba tare da haɗi ba. Takin ƙarshe na kowane hawa fili ne, saura taki 16, don haka sanda 2 a kowane taki ya ba da 32. Idan akwai fili mai mita 2 a sama, sanda 14 masu kaurin santimita 4 za su bar tazarar santimita 9.6. Jimla 46, sai ka sa a yanka 50, domin dawowa neman guda 2 daga baya yana nufin sake saita inji. Katako 2 bai 2 mai ƙafa 12 a lissafi yana ba da sanda 4, amma ka ƙirga 3 saboda tsagaggen baki da ƙulli. Ginshiƙai 4 zuwa 5.

Ga inda ake yawan kuskure: sandar da aka juya tana da siririn wuya. In gindinta santimita 4 ne wuyanta 2.5, tazarar da ta yi 10 a ƙasa za ta zama 11.5 a wuya. A wurin da ya fi siranta ake awo.

Kada a yanka komai da awon da ke kan takardar zanen gida. Matakalar kankare da wuya takunta su zo daidai da juna, sai an zo an auna bayan an gama tayil, taki bayan taki.

Ɗaurawa

Ginshiƙi shi ke riƙe da komai. Dokar Amurka tana so hannun bene ya jure turin kusan kilo 90 a kowane wuri, kuma wannan nauyin a gindin ginshiƙi yake ƙarewa. Ƙusar kankare da gam ba za su yi ba. Hanya mai kyau ita ce a huda kankare, a busa ƙurar ramin ta fita sarai, a dasa rodi mai zare na milimita 12 ko 16 da gam ɗin kankare mai haɗi biyu, ya shiga kamar santimita 10, sauran ya shige cikin ginshiƙin a ɗaure da noti ta wani rami a gefe da za a toshe. Ko kuma mai walda ya yi faranti mai ƙaho, a ɗaure shi da ƙusoshi 4 masu buɗewa, ginshiƙin ya zauna a kansa. Kada ramin ya matso bakin taki, kankaren zai ɓalle. Gam ɗin da aka zuba a rami mai ƙura kuwa ƙurar ya kama, zai zare.

Sanduna kuma ko dai kowace ta zauna a kan taki, ko a shimfiɗa katako a ƙasa mai bin gangaren su zauna a kansa. A matakalar tayil ta biyun ta fi: hudar tayil ta ragu, duk sandunan tsayinsu ɗaya, kuma sun tsira daga ruwan mofa. In a kan taki za su zauna, ta baya tana fin ta gaba tsawo da rabin tsayin taki, a faɗa wa mai inji tun kafin ya yanka. Gindin kowane ginshiƙi a shafa masa maganin gara irin su Solignum, a toshe shi da fenti, a ɗan ɗaga shi daga tayil.

Gogewa a bi ta daki-daki, sanfefa mai lamba 80, 120, 180 har 220, sannan sila, wato shafin farko mai toshe jikin katako, sannan banish shafi 3 ana gogewa sama-sama a tsakani. A shafe kowane ɓangare har inda ido ba ya gani, kafin a haɗa. Fesa banish a ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa yana barin jiki kamar yashi.

Wajen ciniki, ka sa a raba maka farashi: na katako, na inji, na fenti, na ɗaurawa da na mota, don ka iya gwada shago da shago. Ka karɓi sanda guda da aka gama a matsayin samfuri ka ajiye, ka nemi kwafin zanen kwamfutar saboda gyaran gaba, ka kuma riƙe wani kaso na kuɗin sai an gama. Idan matakalar a waje take, rana da ruwa na dukanta, ƙarfe ko silba ya fi maka. A cikin gida ma ana iya yin sanduna da ƙarfe a ɗora hannun katako a sama, kuɗin ya ragu sosai. Ranar karɓar aiki ka kama kan kowane ginshiƙi ka jijjiga da ƙarfinka, ka ɗora filam, wato ma'aunin miƙewa, a jikinsa, sannan ka bi tsakanin sanduna da guntun katako mai santimita 10 ka ga ko akwai inda zai wuce.