Sharhi kan sashen toshe jijiyoyin kai da wuya na wata cibiya a Abuja

A ƙa'ida jinin da zuciya ta harbo sai ya ratsa siraran jijiyoyi masu kama da gashi, ƙarfinsa ya ragu, sannan ya shiga jijiyar da ke mayar da shi. Idan jijiyar harbawa ta haɗe kai tsaye da ta mayarwa, jini mai ƙarfi ya auka inda ba a yi don shi ba. Likitoci kan ce masa fistula, amma kada sunan ya ruɗi kowa, ba ruwansa da yoyon fitsari. Irin wannan ciwo ne wata cibiya mai zaman kanta a Abuja take dubawa, kuma aikinta ya cancanci a yi masa duban tsanaki.

Masu zuwa galibi iri uku ne. Akwai wanda ya bugu a kai, sau da yawa a haɗarin babur, bayan kwanaki ko makonni ido ɗaya ya yi jawur, ya turo waje, yana bugawa tare da zuciya. Akwai mai jin "shuu, shuu" a kunne ɗaya, musamman da dare. Sai mai kumburi a fatar kai ko fuska, mai ɗumi, yana motsi ƙarƙashin yatsa. Wannan na ukun kada a kuskura a kai shi wa wanzami don sakiya ko ƙaho, kuma kada a cire haƙori a kusa da shi kafin a yi hoto, don jinin da zai ɓalle ba ya tsayawa da danna auduga.

Inda cibiyar ta fi burgewa shi ne bincike. Suna farawa da siti sikan ko MRI, amma ba sa yanke hukunci a kansu. Sai sun yi anjiyogiram: a kashe gindin cinya da allura, a zura bututun da kaurinsa bai kai milimita 2 ba har wuya, a tura ruwan rini ana ɗaukar hoto. Jijiyoyi 6 suke dubawa, na cikin ƙwaƙwalwa biyu, na fuska da fatar kai biyu, na ƙeya biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fistular da ke jikin rufin ƙwaƙwalwa yawanci daga jijiyoyin waje, wato na fuska da fatar kai, take shan jini, wanda ya duba 4 kawai zai iya cewa lafiya lau alhali ciwon na nan. Rahotonsu kuma yana faɗin inda jinin yake malala. Idan yana komawa baya cikin jijiyoyin saman ƙwaƙwalwa, haɗarin fashewa ya ƙaru, ba a jinkirta aiki.

Shirin kafin hoto daidai yake: gwajin ƙoda saboda rinin, barin abinci na awa 6, tambaya kan warfarin (maganin hana daskarewar jini) da metformin (maganin ciwon suga) da juna biyu. Bayan an zare bututu ana kwanciya awa 4 zuwa 6 ba a lanƙwasa ƙafa.

Maganin shi ne toshe mahaɗar, kuma da zaren filatinam ake yi, ko da ruwan Onyx mai daskarewa a cikin jijiya. Na bayan ido, wato mai sa ido ya turo waje, in ta hanyar jijiyar harbawa bai yiwu ba, sukan bi ta jijiyar mayarwa su cike gurbin. Abin yabo, suna bin ciwon har bakin mahaɗar. Toshe jijiyar da ke ciyar da shi daga nesa sassaben banza ne, wasu za su buɗe su maye gurbinta, kuma an rufe wa likita hanyar sake isa ga ciwon. Numfashin majiyyaci kan yi warin tafarnuwa kwana ɗaya ko biyu bayan Onyx, daga sinadarin da ake narkar da shi ne. Wasu kuma su riƙa ganin abu biyu-biyu na ɗan lokaci.

Rauninsu yana wajen kaya da bayani. Zaren da ruwan toshewar daga waje ake odarsu bayan an biya, farashin yana bin dala, kuma jiran kan yi tsawo. Ga mai ƙarar kunne kawai ba laifi, amma idon da matsinsa ke hawa ba ya jira. Ba su da likitan ido a wurin, don haka majiyyaci ya nemi wanda zai riƙa auna masa matsin ido kafin ranar aiki. Takardar amincewa da Turanci take, ba mai fassara tsayayye, sai a ga dattijo ya dangwala hannu bai san akwai yiwuwar shanyewar ɓarin jiki ba. A je da wanda zai fassara, a tambayi zama nawa aikin zai ci, don babban kumburin fuska ba kasafai yake mutuwa a zama ɗaya ba.

Ba sa kuma kiran mutum ya dawo. Anjiyogiram na tabbatarwa bayan wata 3 zuwa 6 wajibi ne ko da ƙarar ta ɗauke, saboda ɗaukewarta wani lokaci alama ce jinin ya sauya hanya zuwa cikin ƙwaƙwalwa. A karɓi ranar komawa a rubuce, da faifan hotunan duka, kafin a bar wurin.