Kilkenny daga Dublin: bas, jirgin ƙasa ko motar haya?

To masu tambaya a kan zuwa Kilkenny, wani gari a ƙasar Ireland, tun farko ku sani bizar Schengen ba ta shiga Ireland, tasu daban ce, kar mutum ya sayi tikiti a banza.

Bas ɗin yawon buɗe ido shi ne mafi sauƙi, a ɗauke ka a Dublin da safe a dawo da kai da yamma, amma yawancinsu sai sun haɗa da Glendalough, wani wurin tarihi daban, a rana ɗaya, sai ka ga kamar awa biyu aka ba ka a cikin gari. Me za ka gani a awa biyu? Fadar Kilkenny kaɗai ta isa ta cinye ta, gidan da zuri'ar Butler suka riƙe tun 1391 har 1967 da aka miƙa wa mutanen gari a kan fam 50, e wallahi fam 50. Ga kuma hasumiyar cocin St Canice mai wajen mita 30, ana hawa da tsani, in kana da jiri ka haƙura.

Ni dai jirgin ƙasa na fi so. Daga tashar Heuston da ke Dublin kusan awa ɗaya da rabi ka iso, cikin garin kuwa duk tafiyar ƙafa ce. Matsalar ita ce ƙauyuka. Jirgin yana tsayawa a Thomastown, daga can kangon tsohon gidan ibada na Jerpoint Abbey ba nisa, taksi ko ƙafa in kana da ƙarfi, amma Inistioge a bakin kogin Nore da kangon gidan ibada na Kells Priory fa sai da mota.

Motar haya kuma akwai abin lura, a hagu suke tuƙi, hanyar ƙauye siririya ga shinge ta ko'ina ba ka ganin mai tahowa, sannan mai giyar otomatik ta fi tsada kuma sai ka kama ta da wuri. Babbar hanyar M9 lafiya lau, ƙauyen ne ke sa gumi.

In kwana biyu gare ka, ka zo a jirgi ka kwana a gari, washegari ka ɗauki mota ta yini guda. Sai dai a watan Agusta lokacin bikin fasahar garin ɗakin kwana na wuya, ka kama naka tun da sauran lokaci, kuma rigar ruwa dole ko da ka ga rana ta fito.