Kenny Rogers: wane faifai za ka saya idan kana son har da waƙarsa ta ƙarshe da ta kai lamba ɗaya?

Duk wanda ya taso yana jin rediyo a Najeriya a shekarun 1980 ya san muryar nan mai ɗan kaushi, tare da ta Don Williams da Dolly Parton. Samun waƙoƙin Kenny Rogers a yau ba wuya. Wahalar ita ce an tattara su a faifai iri-iri, kusan duk da hoton gemunsa mai furfura a bango, alhali abin da ke ciki ya sha bamban. Yawancinsu sun tsaya ne a farkon shekarun 1980, kamar mutumin ya ajiye waƙa a lokacin. Bai ajiye ba. A shekarar 2000, yana da shekara 61, ya sake hawa lamba ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri (country, salon waƙar karkarar Amurka) na mujallar Billboard da “Buy Me a Rose”. Idan faifan da ke hannunka ba shi da ita, ƙarshen labarin ne ba ka da shi.

Dalilin wannan giɓi na kasuwanci ne. An haife shi a Houston ta jihar Texas a 1938, ya fara suna da ƙungiyar First Edition a ƙarƙashin kamfanin Reprise, inda suka yi “Ruby, Don't Take Your Love to Town” a 1969. Da ya koma shi kaɗai sai ya shiga United Artists, wanda daga baya ya zama Liberty, kuma a can ya yi manyan waƙoƙinsa. A 1983 ya koma RCA. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da gidajen rediyon Amurka suka juya wa tsofaffin mawaƙan kantiri baya, ya kafa kamfaninsa, Dreamcatcher. Kowane kamfani na riƙe da nasa kaso, shi ya sa faifan da ya haɗa su duka ba shi da yawa.

Wanda aka fi sani shi ne Greatest Hits na 1980. Waƙa 12 ne, kuma babu ta cike gurbi a cikinsu: “Lucille” ta 1977, “The Gambler” ta 1978 wadda Don Schlitz ya rubuta, “Coward of the County”, “She Believes in Me”, sai “Lady”, wadda Lionel Richie ya rubuta masa, ta yi mako 6 a saman jerin waƙoƙin pop na Amurka. A wannan faifai ne za ka ji yadda ya tsallaka daga kantiri zuwa pop: daga waƙoƙin ba da labari da gita, na ɗan caca a jirgin ƙasa da matar da ta bar mijinta manomi, zuwa waƙar soyayya mai piyano da goge a hankali. An sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai, don haka mai neman faifan garmaho na hannu zai fi saurin cin karo da shi. Ga mai garmaho, shi zan ce ya ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Amma yana da aibi biyu. Na farko, shekarar da ya fito ita ce iyakarsa: babu “Islands in the Stream”, balle ta 2000. Na biyu ya fi ɓoyuwa. “Ruby” da “Reuben James” da ke ciki ba na asali ba ne na First Edition, sabon ɗauka ne da ya yi don faifan Ten Years of Gold. Ba su yi muni ba, muryarsa ma ta fi nuna a lokacin, sai dai wanda kunnensa ya saba da ta 1969 zai ji bambanci nan take.

20 Greatest Hits na 1983 ya ƙara yawa, amma shi ma kayan Liberty ne. Na wuce shi.

Eyes That See in the Dark, shi ma na 1983, wani abu ne daban. Barry Gibb na ƙungiyar Bee Gees ne ya jagoranci shirya shi, kuma shi da 'yan'uwansa suka rubuta “Islands in the Stream” da Rogers ya rera da Dolly Parton, ta kai lamba ɗaya a kantiri da pop baki ɗaya. Gaskiyar magana, faifan ya fi ƙamshin Bee Gees fiye da na Nashville, cibiyar waƙar kantiri. Mai son wannan salon zai more shi. Mai neman Kenny na labarai zai ji kamar an musanya masa kaya.

Yanzu ga wanda nake ganin ya fi dacewa da mai sayen faifai ɗaya tak: 21 Number Ones, wanda Capitol ya fitar a 2006. Shi ne ya haɗa zamunnan a wuri guda. Akwai na United Artists da Liberty, akwai “Islands in the Stream”, akwai “We've Got Tonight” da Sheena Easton, da waɗanda ya yi da Dottie West, akwai “Make No Mistake, She's Mine” da Ronnie Milsap ta 1987, sannan ga “Buy Me a Rose”. Tsakanin waɗannan biyun na ƙarshe shekara 13 ce bai taɓa lamba ɗaya ba, kuma jin su a faifai ɗaya yana nuna abin da shekaru suka yi wa muryar: ta yi ƙasa, ta rage ƙarfi, amma iya ba da labarin yana nan daram. Abin da za ka rasa a nan shi ne zamanin First Edition. Babu “Ruby”, tunda ba ta kai lamba ɗaya a Amurka ba.

Ita “Buy Me a Rose” ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Jim Funk da Erik Hickenlooper ne suka rubuta ta, Alison Krauss da Billy Dean suka yi masa amshi. Labarin magidanci ne da ke kashe kansa da aiki don ya tara wa matarsa kayan duniya, yana ganin ya gama komai, ita kuwa ƙananan kulawa take nema. Sai a baiti na ƙarshe mawaƙin ya nuna cewa da kansa yake. Babu hayaniyar kiɗa, babu ƙoƙarin kwaikwayon samarin lokacin. Da ita ya zama mafi tsufa da ya kai lamba ɗaya a jerin kantiri a wancan lokaci, har sai da Willie Nelson ya karɓe kambun a 2003 yana da shekara 70. A 2003 ɗin ne kuma Luther Vandross ya sake rera ta, abin da ke nuna waƙar ba ta gidan kantiri kaɗai ba ce.

Asalin gidanta shi ne She Rides Wild Horses na 1999, a Dreamcatcher. A nan ne kuma “The Greatest” take, labarin yaro mai wasan ƙwallon sanda (baseball) shi kaɗai, wadda ita ce ta fara dawo da shi rediyo, kuma ba ta cikin 21 Number Ones. Sauran waƙoƙin faifan matsakaita ne a kunnena. Na masu son su mallaki komai nasa ne, ba na mai farawa ba.

Wasu za su ce ai waƙarsa ta ƙarshe ita ce “You Can't Make Old Friends” da ya yi da Dolly a 2013, shekarar da aka shigar da shi zauren karramawa na mawaƙan kantiri. Ta taɓa zukata, musamman bayan rasuwarsa ranar 20 ga Maris, 2020, amma ba ta yi nisa a jerin waƙoƙi ba. Idan ita kake so, saurare ta ita kaɗai a Spotify ko YouTube kafin ka yanke shawarar sayen faifan gaba ɗaya.

Hattara da faya-fayen nan masu arha da ba a san kamfaninsu ba. Sau da yawa tsofaffin waƙoƙin First Edition ne aka lulluɓe da hoton tsufansa, ko kuma ɗaukar dandali. Juya bayan kwalin ka duba sunan kamfani da shekarar kowace waƙa. Haka ma idan wajen masu tura waƙa a waya za ka je, kada ka ce a zuba maka “Kenny Rogers” kawai, don abin da ke kwamfutarsu za su juye maka. Faɗi sunan faifan, a kunna maka “Buy Me a Rose”, ka tabbatar ka ji muryar mace tana amshi a baya kafin ka biya.